Ɗigon Jini Kafin Tafiya Dusuman

Sista Phoebe ta kama yatsan Siddiƙa mai lalle, ta ɗan soka. Ta tatso ɗigon jini ta zuba a ramin wata 'yar farar roba, wadda ba ta fi tsawon yatsan ba.

"Zauna nan, ƙanwata. Yanzu zai nuna."

"Ba sai na dawo wani satin ba?"

"Wannan a da ne. Ku nawa kuke dawowa? A kai jini ɗakin gwaji, a yi ta ɗawainiya, sakamako ya fito, mai jinin tana can ƙauye. Wannan 'yar robar ba ta fi kuɗin keke ba, kuma a gabanki za ta yi magana."

Siddiƙa ta sunkuyar da kai, don da ita ake. A gidansu mace ba ta nuna ciki sai ya nuna kansa. Idan ya tsufa kuma, sai a kwashe ta zuwa wurin uwarta a Dusuman ta haihu a can. Shi ya sa ranar awonta na farko kan zama ranar tafiyarta. Sau biyu ana ɗibar jininta a wannan ƙaramin asibiti na Moduganari a ce ta dawo, sau biyun ba ta dawo ba, kuma duka biyun jaririn bai zo da rai ba. Yau ma kayanta na cikin keke Napep na mijinta Ba'ana a bakin ƙofa.

Fanka na juyawa a kasalance. Ta taga, inuwar bishiyar dogon yaro na lilo a bango, sai idanun Siddiƙa suka yi nauyi. Ta ga kanta a bakin kogin Ngadda da damina, ruwa ya kawo, yara biyu suna tafe gabanta riƙe da hannun juna. Ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, yanzu ma ƙeyarsu kawai take gani. Ta so ta kira su, ta tuna ba a raɗa musu suna ba. Kewarsu ta cika mata ƙirji. Na cikinta ya yi juyi a hankali, kamar mai gyara kwanciya.

"Siddiƙa."

Ta farka. Layi biyu ja sun fito a jikin robar. Sista Phoebe ta ja kujera kusa, ta rage murya.

"Akwai alamar tunjere a jininki, ciwon da ake ɗauka ta wajen saduwa. Yakan zauna shiru a jikin mutum bai sani ba, amma yana taɓa ɗan da ke ciki. Kada ki tsorata, allura ce maganinsa, kuma yanzu zan yi miki."

Siddiƙa ta daɗe tana kallon layukan. A baya ta sha rubutu, ta yi hayaƙi har zannuwanta suka daina jin turare. Surukarta ta ce iska ce, gwaggonta ta ce baki ne, kowa da nasa binciken.

"Sista, waɗancan biyun ma shi ne?"

"Allah ne masani. Amma zai iya zama shi." Phoebe ta dafa gwiwarta. "Saura abu guda. Dole maigidanki ma a duba shi, a yi masa. In ba haka ba zai dawo miki, ya koma kan yaron."

Allurar ta yi zafi, amma ba ita ta dami Siddiƙa ba. Ita da ko sunan Ba'ana ba ta iya kamawa don kunya, da wane baki za ta ce masa irin wannan ciwo? Tsoro ya kama ta sosai. Zai iya cewa ita ta kwaso, zai iya yin shiru na wata guda, shirun nan nasa da ya fi faɗa ciwo.

Ta fito tana ɗingishi. Rana ta take, titi na rawa don zafi. Ba'ana ya miƙe ƙafa a keke yana taunar goro, ya riga ya tada inji.

"Kin daɗe. Hau mu kama hanya."

"Malam, Sista na son ganinka."

"Ni? Ni ke da cikin?" Ya yi dariya. "In mun dawo. Innarki na jiran mu da abinci."

Siddiƙa ta tsaya, hannunta ɗaya a kan cikinta. Sai ta miƙa ɗaya hannun ta murɗa makullin keken, injin ya mutu. Ta zare shi ta damƙe, ta juya ta nufi ƙofar asibitin ba ta waiwaya ba.

Ta kusa kaiwa matakala lokacin da ta ji ƙarar silifas ɗinsa a bayanta.