Bayan Faifan Odessa Pruitt

Tun ranar da faifan ya fito, Odessa Pruitt ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Lokacin zafi ne na shekarar 1983, Philadelphia kamar tanda. Ni Lemuel na fi shekara ashirin ina buga mata ganga, tun zamanin da in ta hau dandali mata ke cire takalma su yi rawa. Amma a wannan faifan babu hannuna. Wani matashin furodusa mai suna Tyrell ne ya lallaɓo ta bayan an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba, ya ajiye wata ƙaramar na'ura a kan tebur ya ce ita ce makaɗin. Raina ya sosu, amma waƙar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba.

Kullum da hantsi sai in ji hon a ƙofar gidana.

"Lem, fito mu tafi."

"Yau kuma ina?"

"Kai dai shigo. Sai tambaya kamar ɗan sanda."

Ba inda muke zuwa. Zagaya gari kawai muke yi a tsohuwar motarta, hannunta ɗaya a sitiyari, ɗaya yana murɗa rediyo. Tyrell ya ce ya kai faifan gidajen rediyo, ita kuwa ta ƙi jira a gida, wai a mota ake gane waƙa ta shiga gari. Da kiɗa ya fara, in ba nata ba ne, ta murɗa. In mun tsaya shagon faifai ta tura ni in ga ko an saya, kafin in fito har ta tada mota.

"Dessa, ki ci wani abu mana. Duk kin rame."

"Ramar ta karɓe ni. Kai ka ci, tumbinka ya saba."

Wata Asabar da la'asar muna arewacin gari, ta taka birki har na kusa buga goshi. Ta kashe rediyon.

"Saurara."

Kiɗanta ne, yana tasowa daga wani layi da aka tare da motoci. Bikin unguwa ake yi. Mata na soya kifi a bakin titi, yara sun buɗe famfon kashe gobara suna tsalle cikin ruwa, samari sun shimfiɗa kwali suna juyi a kai. Ta bar motar a karkace ta fita, na biyo ta da sauri.

Ta tsaya a bayan taron, leɓenta na motsi, tana jiran inda muryarta za ta shigo. Wurin ya zo ya wuce, babu murya. Bayan faifan aka sa, gefen da Tyrell ya bari kiɗa zalla.

Ta ratsa mutane har teburin saurayin da ke saka faifai.

"Ɗana, ka san akwai waƙa a ɗaya gefen?"

Bai ko ɗago ba. "Na sani, Anti. Wata tsohuwa ce ke ta koke-koke a ciki. Wannan gefen ne ke tada mutane."

Na riƙe gwiwar hannunta, don na san bakinta. Ta fizge.

"Ba ni makirufon nan."

"Anti, ba coci ba ne nan."

"Na ga alama. Ba ni."

Ya miƙa mata yana dariya, ya mayar da allura farkon faifai. Baitin farko muryarta ta karye, ga yunwa ga bushewar maƙogwaro. Kuma ta makara. Ni da nake buga mata, in ta ja numfashi nakan jira ta. Na'ura ba ta jiran kowa. Na ga ta haɗe rai, ta bi kiɗan a guje har ta kamo shi, daga nan muryar ta buɗe kamar da.

Samarin kwali suka tsaya cirko-cirko, ɗaya ya yi tsaki. Amma wata mata a wurin suyar kifi ta ajiye matsami ta dafe ƙirji.

"Ke, wannan ai Odessa ce. Da waƙarta aka yi bikina."

Iyaye mata suka taso da ƙyallen girki a ƙugu suka cika tsakiyar titi, 'ya'yansu na kallonsu baki buɗe. Da faifan ya ƙare, saurayin ya juya shi ya karanta sunan da ke jiki, ya dubi Odessa, ya sosa ƙeya.

"Anti, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Koke-koken kam na yi su."

Aka kawo mata kujera da farantin kifi da burodi. Ba ta zauna ba. Ta ci loma biyu a tsaye, idonta na kan mota, ta ɗora min farantin a hannu.

"Lem, mu je. In ana sa shi a nan, ana sa shi a Camden."

"Dessa, ki bari mu huta. Mutane na son gaisawa da ke."

"Sun gaisa."

Muka haye gada zuwa garin da ke tsallaken kogi, kifin na kan cinyata yana hucewa. A Camden ba mu ji komai ba.

Ni dai ban taɓa jin faifan a rediyo ba. Tyrell ya koma New York kafin sanyi ya shigo, shaguna suka zuba ragowar faya-fayan a kwandon araha. Amma har zafin ya ƙare, duk Asabar Odessa na bin layukan da aka tare, faifan a jakarta. Wasu su ba ta makirufo, wasu su ce ta matsa. Inda aka ba ta, ta yi waƙarta sau ɗaya, ta koma mota tana danna min hon.