Dutsen da Ba Kowa a Kai

Chuwang ya ce shi gida zai koma. Ya gaji da juya tsofaffi a gado a gidan jinya na garin Gaithersburg, a Amurka. Har ya sa ƙanensa Jerome ya sayi bulo, za a yi masa ɗaki a ƙauyensu na kan dutse, can bayan Jos, inda mota ba ta hawa.

Matarsa Martha ba ta yi musu ba. Cewa ta yi, "Baban Linda, kai da matakalar bene ke sa ka haki? Ka hau dutse ɗaya a nan tukuna. In ka kai ƙoli, ni zan haɗa maka kaya."

Ran Asabar abokinsa Kambai, direban tasi, ya kai shi wani dutse a Virginia wanda ba a cika zuwa ba, da tafki a gindinsa. Kambai ya miƙo masa gorar ruwa, Chuwang ya wurga ta cikin mota.

"A kan dutse na girma. Wa ke hawa da ruwa? Sai ka ce ba mutane."

A gida haka ne. Kowace kwana da gida, ka yi sallama a fito maka da ƙwarya. Kambai ma ya ajiye tasa, don kada a ce masa rago.

Suka yi ta hawa cikin zafi. Ba akuya, ba hayaƙi, ba gonar acca. Sai itatuwa da tsakuwa mai zamewa. Duk kwanar da suka sha, Chuwang sai ya miƙa wuya yana neman rufin ɗaki.

"Dattijo, surukanka sun yi ƙaura ne?" in ji Kambai.

Harshen Chuwang ya bushe. Can gwiwar hagu ta ƙi. Ya zauna kan wani falale, ga ƙolin nan yana gani, ga tafkin can ƙasa, baƙi ƙirin, cike da ruwa.

"Ƙishirwa ce kawai," Kambai ya ce. "Mu ce wa Martha mun kai. Wa ya gani?"

Chuwang ya daɗe yana matsa gwiwar. Ya san ba ƙishirwa ba ce kawai.

"In mun sauka ara mini wayarka. Zan ce wa Jerome ya sayar da bulon."

Ya miƙa hannu, Kambai ya ɗaga shi.