Kwalbar da Eleodoro Ya Kawo

Kwana biyu Eleodoro ya yi a jirgin ruwa kafin ya iso birnin Iquitos, kwalbar tana cikin jakarsa. Ɓari na huɗu ke nan da matarsa Nélida ta yi. Tun a na uku likita ya ce in ya sake faruwa, a kawo guntun mabiyiya cikin ruwan gishiri da ƙanƙara, za a ƙirga kromosom, zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki, ko a gano dalili. Nélida kuwa ta ce in ba a gano ba, ita da ciki har abada.

Ƙanƙarar ta narke tun kafin su kai garin Requena. Sai ya yi abin da kowa ke yi a ƙauyensu da saiwar magani ko macijin da ba a so ya ruɓe: ya tsiyaye ruwan, ya cika kwalbar da barasar rake.

Doña Zoila, mai aikin ɗakin gwaji, tana buɗe murfin ta kau da hanci.

"Haba malam Eleodoro, da safiyar nan? Gwaji ka zo ko shayar da ni?"

"Mai kyau ce, Doña Zoila, ta surukina ce. Duba, guntun ko wari bai yi ba."

Dariyarta ta ɗauke. Ta jawo masa kujera, ta sa shi ya leƙa madubin gwaji mai girmama ƙananan abubuwa. Jinin wani ne. Ya ga guntayen zare baje, kamar taliyar da aka kakkarya.

"Waɗannan ba sa fitowa sai ƙwaya tana rabuwa biyu," ta ce. "Kwana da kwanaki muke kiwonta kafin ta rabu. Kuma mai rai ce kaɗai take rabuwa."

"Nawa guntun fa?"

"Barasar ta kashe ƙwayoyinsa tun a hanya."

"Amma bai lalace ba!"

"Bai lalace ba. Nuna mana ne ba zai yi ba."

Ya roƙe ta ta ɗora nasa ko ya gani da idonsa. Ta goga kaɗan a gilashi, ta ɗora. Ɗigo-ɗigo ne kawai, a dunƙule, babu zare ko ɗaya. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Me zan ce mata?"

"Ka ce ba a gani ba. Kar ka bari ta ce laifinta ne."

Ya karɓi kwalbar ya ɗaure murfin tam, don Nélida ta ce a dawo da guntun a binne a gindin mangwaro, kusa da ukun farko. A tashar jirgi aka ce akwai mai tashi yanzu, akwai na jibi. Ya ce a ba shi na jibi.