Makokin Mai Farar Kwat

Sunana Kwaku Adomako. Aji uku na yi a makaranta na bari. Keke na iya. A unguwarmu Bantama kuma da abu ɗaya aka san ni: in na ce abu, to haka yake.

Ina saurayi, fim ɗaya ake kawowa Kumasi silima biyu su raba. Ta unguwar Asafo tana farawa ƙarfe biyu na rana, tamu ta Bantama ƙarfe uku. Faifai ya ƙare a can, in ɗaure shi a bayan keke in kawo nan, in koma in ɗauko na gaba. Shekara tara ina wannan aiki.

Fim ɗin da nake magana a kai ba wanda ya riƙe sunansa. Da wani yaren Turawa aka yi shi, ba Ingilishi ba. Mu Mai Farar Kwat muke ce masa. Ɗan leƙen asiri ne, gashin bakinsa kuma rediyo ne: ya ja gefen dama ya yi magana da maigidansa, ya ja na hagu ya kashe. Abokin gabarsa wani likita ne mai kunnen azurfa da ke son sace gishirin teku kaf. Sojojin likitan jiminu ne, amma duk wadda ta ruga sai ka hangi takalmi a ƙafarta.

Faifai biyar ne. Ranar farko na kawo huɗu lafiya. Ina ɗauke da na biyar na faɗa zaman makoki a kan hanya, ga kawuna, yayan uwata, zaune a gaba. Ya gan ni. Ba halin wucewa. Na sauka na soma gaisuwa daga dama, hannu da hannu, mutum wajen ɗari biyu. Kafin in kai ƙarshen layi rana ta yi sanyi.

Na iso na tarar mutane na fitowa suna kuka. Faifai na huɗu ya ƙare daidai inda aka jefa Mai Farar Kwat cikin ƙaton kaskon cakulan, ya nutse, hularsa ta taso. Mai majigi ya jira ni har ya gaji, ya kunna fitila. Mai silima ya tare ni a ƙofa.

"Akwai saura?"

Na yafa zanena a kan faifan. Na ce, "Babu. Huɗu ne."

Tunda na faɗa, na faɗa. Sauran kwana shida huɗu nake kawowa. Daga nan fim ya wuce wani gari, bai sake dawowa ba.

Ɗan Bantama ba ya shiga silimar Asafo ko kyauta ce. Don haka mu muka ce ya mutu, su suka ce ya fito ya auri matuƙiyar jirgin sama. An yi dambe a tasha a kan wannan. An fasa aure ɗaya. Manyan unguwa suka ce baƙo ya mutu a gabanmu, a cikin cakulan na kokon ƙasarmu, ba dangi ba kowa, abin kunya ne a bar shi haka. Aka yi masa makoki. Tun daga nan kowace shekara ana tunawa da shi, ni ke zama kujerar gaba, don ni na ɗauko shi da hannuna.

Bana aka cika shekara hamsin. Ranar Asabar aka kafa rumfuna, kowa da zanensa ja da baƙi, masu ganga suka zo. Maame Serwa, shugabar matan unguwa, tana damata. Tawia, tsohon direba, yana haguna. Wajen azahar sai ga mutanen Asafo suna turo talabijin a amalanke. Opanin Ntim, wato Dattijo Ntim, ne a gabansu, shi ne mai majigin silimarsu a da. Suka gaisa da kowa, suka zauna.

Ntim ya ce, "Mun zo taya ku makoki. Mun kawo muku mamacin ma. 'Yata ce ta aiko fim ɗin daga Jamus."

Maame Serwa ta ce, "Kai Ntim, kai da ka shekara goma ba ka gane mutane ne a cikin jiminun nan ba, kai za ka koya mana fim?"

Tawia ya ce, "Wane mutane, Maame? Jiminu ne na gaske. Takalmi aka sa musu don zafin ƙasa."

"Da igiya ɗaure?"

"To su kwance su faɗi?"

Aka kunna. Komai na nan yadda muka bar shi. Da aka zo wajen kasko mata suka soma kuka, ganga ta ɗauka. Hula ta taso. Wasu suka miƙe za su je wajen abinci.

Fim bai tsaya ba. Hannu ya fito daga cikin cakulan, sai kai, sai mutum gaba ɗaya. Kwat fara fat, ko ɗigo babu. Ganga ta yi shiru. Ntim ya tsayar da hoton a nan, ya harɗe hannu.

Tawia ya matsa kusa ya duba. Ya ce, "Ba shi ba ne. Ni na taɓa faɗawa cikin manja da farar riga. Na san yadda ake fitowa."

Ntim ya ce, "Kwat ɗin ƙasar waje ce, Tawia. Ba irin taka ba ta gwanjo."

Wata tsohuwa daga baya ta ce wannan ya fi namu ƙiba. Wani ɗan Asafo ya ce cakulan ya sha a ciki, dole ya yi ƙiba. Mai ganga ya ce shi tun farko likitan ya fi so, don gishiri ya yi yawa a teku, gaskiya ce.

Maame Serwa ta ɗaga hannu aka yi tsit. Ta ce, "Ku dubi hancin. Ɗan ƙanwarsa ne. Kawu ya rasu, yaro ya gaji kwat, ya gaji aiki, yanzu kuma kun ce zai gaji matar. Me ye abin mamaki? Haka ake yi ko'ina."

Ntim ya ce, "Daga cikin kaskon fa ya fito."

"To a ina zai samo kwat ɗin in bai shiga ya ɗauko ba?"

Bantama ta ɗauki tafi, don a wajenmu ɗan 'yar'uwa ke gadon kawu. Har mutanen Asafo biyu na gani suna gyaɗa kai. Na ce a raina magana ta ƙare.

Ntim bai yi dariya ba. Ya juyo wajena. Ya sha faɗar abin da ya sani a Asafo, amma ba mai jin maganar ɗan Asafo a nan. Ni kuma ban taɓa bari mun haɗu ba.

Ya ce, "Kwaku. Ni na miƙa maka da hannuna. Faifai nawa ne?"

Maame Serwa ta ce, "Gaya masa, Opanin Kwaku. Bakinka aka sani."

In na ce huɗu, an gama, Ntim ya tura amalankensa gida. Amma shekara hamsin ba wanda ya tambaye ni ido da ido. Zama kawai nake a kujera, su suke ba da labarin. Ƙarya ɗaya na yi a rayuwata. Ban ga dalilin da za ta zama biyu a gaban ɗan Asafo ba.

Na ce, "Biyar."

Na ba su labarin kawuna da gaisuwa, ban ƙara ba ban rage ba. Ban roƙi kowa gafara ba.

Tawia ya ce, "Ai gaisuwar dole ce, ba wanda zai wuce kawunsa." Sannan ya tuna haƙorin da ya rasa a damben tasha, ya taɓa wurin da harshe.

Maame Serwa ta juyo wajena. Ta ce, "Zane hamsin na ɗinka saboda mutumin nan, Kwaku." Ba ta ce Opanin ba. "Tashi."

Na tashi. Tawia ya zauna a kujerar, ya gyara zane.

Makoki dai ba a fasa ba. An riga an daka sakwara, miya ta nuna. Manya suka ɗan keɓe suka dawo da hukunci: faifai biyar ne, an yarda, amma kawun ya mutu, wanda ya fito magaji ne. Asafo suka ce za su yi shawara.

Na koma bayan rumfa na tsaya a rana. Ntim ya sake kunnawa, ya zo ya tsaya kusa da ni. Faifan nan na goya shi a keke, na mayar da shi, amma ban taɓa ganin abin da ke cikinsa ba. Na kalla. Mutumin ya ja gashin baki ya ciro a hannunsa, ya manna shi a karkace ya ci gaba da magana. Ya ture likitan daga kan tsauni. Jiminu suka mayar da gishiri teku da shebur. Aka yi biki a kan fiffiken jirgi, amarya ta yi waƙa.

Ntim ya ce, "Yaya ka gani?"

Na ce, "Waƙar ta yi tsawo."

Ya ce shi ma tun ranar farko haka ya gani, amma ba ya faɗa a Asafo.