Ƙafafun Laure

...a'a, kada ya zauna. In ya zauna gwiwoyin nan ba za su yarda su tashi ba, ya san halinsu. Amma ga aduwa, ga 'yar inuwa, ga rana ta tsaya a tsakar ka... To, kaɗan dai. Ilu yana durƙusawa a hankali, yarinyar tana goye a bayansa, ba ya sauke ta. Ba za ta taka ƙasa ba. Tun da suka baro garinsu Ɗanzomo ba ta taka ba.

Tsohon boka da goyo! Da a ce matan garin sun gani... Wa ya rage ma da ƙarfin dariya? Bana ko kare ba ya haushi. Damina ta zo ta wuce ba a ga zangarniya ba, mata na tonon gidan tururuwa, rijiyoyi sai laka da wari.

Laure. Ko famfara ba ta gama ba. Numfashinta a wuyansa, sanyi-sanyi.

Ga uwarta Talatu a ƙofar bukkarsa, Allah ya jiƙan ta, tana cewa, "Baba, duba min ƙafar yarinyar nan." Ya taɓa. Tafin a jiƙe, sanyi kamar gindin randa, tsakiyar bazara. Nan take ya gane: duk inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin ƙasa, ƙafar nan tana jin sa. Ya ce ta rufe bakinta. Rufe baki? Da ƙishi? Kafin la'asar ana haƙa a inda yarinyar ta tsaya. Ruwa ya fito, garai-garai, maza na kabbara, mata na guɗa...

Su ba su ga abin da ya biyo baya ba. Shi ya gani. Masu ruwan nan na ƙasa, iskokin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana lallashi da baƙin zakara, ba sa ba da kome kyauta. Rijiyar farko, ta kwanta tana tari, ruwa na fita ta bakinta, ta tashi ta manta sunan uwarta. Ta biyu, ta daina dariya. Ran da aka ɗauki Talatu zuwa makwancinta, yarinyar nan tana tsaye tana kallon makara kamar an wuce da itace. Gutsurarta suke yi, kaɗan-kaɗan.

Ƙishi. Goran ya bushe tun hantsi. Harshensa kamar tsohuwar fata. Da zai sauke ta nan, nan kawai, sau ɗaya... Astagfirullah! Ilu, kai ma?

Sai Dogo. Dogo da rigar layu, bokan da Ubale mai shanu ya ɗauko daga Gagarawa don garkensa na ƙarewa. A ƙofar gidan mai gari, gaban dattawa, ya ce: me ya sa ake ba masu ruwan nan gutsure-gutsure? A ba su ita gaba ɗaya, a zura ta cikin rijiya, ruwa ba zai ƙara ƙafewa ba har jikoki. Marainiya ce, wa zai tambaya?

Ba wanda ya ce to. Ba kuma wanda ya ce a'uzubillahi. Kowa na kallon yatsun ƙafarsa — mutanen da ya yi wa 'ya'yansu maganin maciji, ya sha furar sunansu. Shirun nan ne ya sa ya ɗaure ta da rawaninsa da asuba, maza na masallaci, ya bi ta bayan gari.

In ya kai Maigatari, sai a ƙetare iyaka. Damagaram garin duwatsu ne, ƙasa ba ta iya magana ta cikin dutse. Haka dai ake cewa. Wa ya ce? Ko shi ya faɗa wa kansa?

Matar nan ta ɗazu fa, a bakin hanya, tulu a kife, jariri a cinya ba ya motsi... Ya wuce ta da rijiya goye a bayansa. Bai ko yi sallama ba. Ɗaya ya ɗauko, nawa ya bari? In an tambaye shi gobe kiyama me zai— a'a. Ba yanzu ba.

Motsi. Can kudu, tsakanin sabara. Mutane ne, da sanduna, ɗaya ya ɗara sauran tsawo. Sawunsa suke bi, sawun tsoho mai jan ƙafa, makaho ma zai bi shi.

Layar zana. Tana damtsensa, ga ta. Da ita ya taɓa ratsa mahara ido na ganin ido ba su gan shi ba. Sai dai sai an karanta mata kalmominta. Yana kama ta da haƙori, yana farawa, na farko, na biyu... sannan me? Sannan me? Kalmomin da kakansa ya zuba masa a kunne, bai taɓa faɗa wa ɗan Adam ba, ya sha faɗarsu ko cikin barci. Wayam. Kamar rumbun bana. Ya Allah, ba yau ba. Yana sake farawa. Nan dai yake tsayawa.

Suna matsowa. Har yana jin kacau-kacau ɗin layun Dogo.

Sai leɓuna a bayan kunnensa. Yarinyar da ba ta ce uffan ba tun rasuwar uwarta tana raɗa masa sauran, dalla-dalla, ba gargada. Ta kai inda kakansa ya tsaya. Ba ta tsaya ba. Akwai ci gaba ashe, wanda shi bai taɓa ji ba.

Dogo yana wucewa, gefen rigarsa na shafar ƙayar aduwa. Yana kallon gindin bishiyar, yana tofar da yawu. Suna yin arewa, ta hanyar da shi ma zai bi.

Ya kamata ya yi hamdala. Bakinsa ya ƙi.

"Laure... wa ya koya miki?"

Sai sanyin nan a wuyansa.

Daga Dogo ya tsere da ita. Masu ruwan nan kuwa — tun yaushe suke tafe tare da shi? Wa yake goye da shi tun asuba? Ya kamata ya juya ya dubi fuskarta. Zai juya. Bari su Dogo su ƙara nisa tukuna...