Bikunyar Darakta

Teodosia ta cusa yatsa cikin gashin dabba ta huɗu, ta lumshe ido kamar mai gwada zafin ruwan wankan jariri. Gashin bai rufe ko gaɓar yatsanta ta farko ba. Ta zare hannu, ta miƙe.

"Ita ma bara aka yi mata aski," in ji ta. "Duka huɗun."

Saturnino, shugaban ƙauyen, ya cire hularsa ya mayar. Tun da hantsi mutum ɗari uku suka ja doguwar igiyar caku mai tsummoki kala-kala, suka kewaye tudu da kwari suna koro bikunya, dabbobin daji masu gashi mai tsada, zuwa shinge, kamar yadda ake yi sau ɗaya a shekara a taron askin da suke kira caku. Saura kaɗan su rufe da garke mai kai ɗari biyu, sai motocin Daraktan kula da namun daji suka hawo da jiniya. Mutane suka buɗa wa manya hanya, bikunya kuma suka bi ta inda aka buɗa. Huɗu kaɗai suka rage cikin shinge, suna rawar jiki.

"Mama Teodosia, ki sake gwadawa mana. Wataƙila sanyi ne ya kumbura miki yatsa."

"Shekara ashirin da biyu da yatsan nan nake awo, Saturnino. Da shi na riƙe 'yarka ranar baftisma, ban ji ka ce ya kumbura ba."

"Guda ɗaya tak nake roƙo. Darakta ya riƙe almakashi, a ɗauki hoto, ya sa hannu a izininmu na baɗi, ya koma inda ya fito. In bai yi aski ba, rubutawa zai yi cewa ba mu iya caku ba, a miƙa wa ƙauyen ƙetare tudun nan."

"Wadda aka aske gashinta bai kai ba, ba za ta ga kwana uku ba. Ka san irin ƙanƙarar da ke sauka a watan nan. Kai za ka hau ka ɗauko gawar?"

Sai lasifika ta yi ƙara. Darakta ya hau dandamalin da aka haɗa da teburan makaranta, sanye da sabon bargon kafaɗa wanda karin ninkinsa bai baje ba tukuna. Wata ma'aikaciyar jinya tana gefensa riƙe da tukunyar iska, saboda tsaunin bai karɓe shi ba.

"Mece ce bikunya?" ya tambayi taron, sannan ya duba takarda don ya ga amsar. "Bikunya dabba ce mai shayarwa, dangin raƙumi, marar tozo, mai zama a wurare masu tsayi. Ita kuwa kalmar, masana sun tabbatar ta samo asali ne daga harshen mutanen tsaunuka."

"Wane harshe ke nan?" in ji tsohuwa Balbina, cikin harshen da ake magana a kansa.

"Namu, Inna," wata ta amsa.

"Allah sarki. To, Allah ya saka masa, da ya ɗauko mana ita tun daga birni ya dawo mana da abinmu."

Mata suka sunkuyar da kai cikin huluna, kafaɗu na girgiza. Darakta ya ɗauka jawabin ne ya ratsa su, ya shaƙi iska sau biyu, ya buɗe shafi na gaba.

Teodosia ta dubi dabbobin huɗu, ta dubi mai jawabin, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta taɓa hannun Saturnino.

"Idan ya gama, ka sa 'yan badujala su ƙara waƙa biyu. Ka ce wa malamin makaranta shi ma ya yi jawabin godiya, ba ya ƙi."

Gidanta yana bayan tudun, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. Cikin garken dutse akwai wata 'yar alfaka mai shekara guda, launin kirfa, mai siririn wuya, wadda ba a taɓa yi wa aski ba. Alfaka dabbar gida ce, 'yar'uwar bikunya, amma ta fi ta yawan gashi. Da gashinta na farko Teodosia ta yi niyyar saƙa wa jikan da ake jira bargo. Ta tsaya kaɗan, ta yi alamar gicciye, ta ɗaura mata igiya.

Da ta shigo da ita ta bayan shinge, Saturnino ya dafe kai.

"Mama! Wannan ai alfaka ce. Ko makaho ya shafa ta zai gane."

"Makaho shafawa yake yi. Wannan karantawa yake yi."

Ƙarti huɗu suka ɗauko dabbar zuwa shimfiɗar aski, kamar yadda ake ɗauko bikunya mai harbi da ƙafa. Ita kuwa tana kwance a hannunsu tana tuƙa.

"Ku riƙa nishi mana," in ji Saturnino ƙasa-ƙasa. "Kai, Eusebio, yi kamar ta shure ka."

Eusebio ya yi ƙara ya riƙe gwiwa. Mutum ɗari uku, waɗanda kowannensu ya san alfakar har da uwarta, suka sami abin kallo a sararin sama.

Darakta ya durƙusa da taimakon mutum biyu, ya nutsa hannu cikin gashin har wuyan hannu.

"Kun gani? Ku kwatanta wannan da waɗancan ramammun huɗu. Wannan shi ne amfanin shirin da ofishina ya ƙaddamar shekara uku da suka wuce." Ya ɗaga kai. "Mama, an ce ke ce mai awo. Gashin ya kai?"

"Ya kai, ranka ya daɗe. Har ya wuce."

Ta laluba carbinta cikin aljihu. Ta auna maganar kalma bayan kalma, ba ta sami ƙarya a ciki ba, amma ta san Fada Anselmo, limamin cocinsu, ba haka zai auna ta ba ranar ikirarin zunubi.

Darakta ya datsa almakashi sau biyu, aka ɗauki hoto sau talatin, masu aski suka ƙarasa. Da aka ɗora gashin a ma'auni ya ninka na kowace bikunya sau shida. Darakta ya ce ba a taɓa ganin irinsa ba a tarihin lardin, don haka ba za a haɗa shi da na sayarwa ba. Zai tafi da shi a sa cikin gilashi a ofis, domin ɗalibai su san yadda gashin bikunya na gaskiya yake. Ya sa hannu a izinin baɗi a kan bayan Saturnino. Sannan ya karɓi ƙarfen huda, da hannunsa ya maƙala wa dabbar lambar gwamnati a kunne.

Aka buɗe shinge. Huɗun nan suka fita kamar an harba su, da ɗan gashinsu a jikinsu, kafin a gama tafi sun zama ɗigo huɗu a kan tudu. Ta biyar ta miƙe, ta girgiza tsiraicinta, ta ratsa taro a hankali, ta zo ta jingina kai a siket ɗin Teodosia.

Ganin haka, Saturnino ya fara motsa leɓe yana kiran waliyyai.

"Abin da rahotona ya hango ke nan," in ji Darakta. "Dabbar daji ta fara amincewa da ɗan'adam." Ya ɗaga yatsa. "Amma Mama, ki kiyaye. Kada tausayi ya ja ki. Wannan dukiyar ƙasa ce, mai lamba. Duk wanda aka kama ya ajiye bikunya a gida, gidan yari zai tafi."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Motoci suka gangara da jiniyarsu. Rana ta karkata, iska mai sanyi ta taso daga kwari. Teodosia ta kama hanyar gida ba tare da igiya ba, dukiyar ƙasa tana biye da ita tana karkarwa. Saturnino ya rako su har bakin garke.

"Yanzu yaya za ki yi da ita? Kin dai ji abin da ya ce."

Teodosia ta kwance mayafin ulun da ke kafaɗarta, ta lulluɓa wa dabbar, ta ƙulle a ƙarƙashin ciki. Alfakar ta wuce cikin 'yan'uwanta ta kwanta a wurinta na kullum.

"Ni ban ajiye kowa ba," in ji ta. "Kai shaida ne, da ƙafarta ta zo."

Ta ɗauki sandar da take tokare ƙofar garken da ita, ta juya ta a hannu, sannan ta jingine ta a bango. A iya saninta, doka ba ta hana namun daji ziyara ba.