Labulen Tsohon Otal

A layin mashaya na birnin Pattaya an ce Thawin ɗan acaba fatalwa yake wa aiki. Wai kullum da la'asar sai ya tsaya ƙarƙashin tsohon otal ɗin da aka rufe, ya danna hon, labulen bene ya motsa.

Wannan kuwa alamar matan layin ce. In ɗan acaba ya kai mace wurin baƙo, sai ya yi hon a ƙarƙashin taga. Ta ja labule, lafiya ke nan. In labule bai motsa ba, ya hau ya duba. To ga Lamyai, ɗaya daga cikin matan, ta ɓace tun farkon damina, bayan wani baƙo ya shaƙe ta ya kuma rantse zai ƙarasa. Kowa ya ce ya ƙarasa.

Goggo Buaphan, wadda ke haɗa matan da 'yan acaba, ta ga matan sun daina hawan babur ɗin Thawin, suna bin duk wanda suka tsinta a titi. Shi kaɗai ne kuwa mai jira har mace ta fito. Ta tsufa tana jin labarin fatalwa, ba ta taɓa ganin wadda ta san ƙa'idar aiki ba. Ta ɗauki lema ta bi shi.

Ana yayyafi. Ya yi hon. Labulen ya ja gefe a hankali, ya koma. Ba fuska, ba hannu.

Ta hau matakalar, gansakuka na santsi, jemagu na shawagi a kanta. A ƙofar ɗakin ga takalman mace an jera, busassu. Ga ƙamshin shinkafa da gasasshiyar kaza mai yaji.

"Goggo, gwiwar taki ta warke ke nan?" in ji Thawin daga bayanta.

"Kai ɗan nema, fatalwar taka har da yaji take ci?"

Bai yi dariya ba. "Mutumin da ya shaƙe Lamyai yana nan, jiya ma ya zaga layi yana tambaya. Ko shi ba ya shiga gidan fatalwa."

Ta dubi takalman, ba ta ƙwanƙwasa ba.

Da ta koma matan suka yi mata caa. Ta ce, "Akwai ta, kada wadda ta je. Amma ba ta bari a taɓa fasinjan direbanta. Ku hau, 'yan banza."

Suka hau.

Lamyai tana da rai. Da zare take jan labulen daga kan tabarmarta, kuma Thawin ne ya fara baza labarin.